Ɗanyar Fata da Karen Gadi: Batun Tsafta a Masana'antun Kano

Yawanci idan ana maganar cututtukan da dabba ke shafa wa mutum, hankali kan tafi ruga ko garke, alhali a Challawa da Sharaɗa da Bompai, inda manyan kamfanonin jima na Kano suke, akwai leburori da ke wuni suna sauke ɗanyen kirgi da fatun awaki da tumaki waɗanda aka kwaso daga mayanka da kasuwannin ƙauye, har daga Nijar da Chadi, ba tare da sun taɓa ganin dabbar da aka feɗe ba, balle su san ko lafiya aka yanka ta.

Mafi haɗari a nan shi ne ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antiraks, domin ƙwayar da ke haddasa shi kan lulluɓe kanta da wani ƙoƙo mai tauri, ta yadda gishirin da ake barbaɗa wa fata da zafin rana ba sa kashe ta, kuma takan yi shekaru gommai a cikin ƙasa. Idan ta shiga ta wani ƙwarzane a hannu ko a wuyan mai dako, sai ƙurji ya fito, marar zafi, mai baƙin tsakiya, kuma rashin zafin ne ke yaudarar mutum ya yi jinkirin zuwa asibiti, ko da yake magani na warkar da shi idan an fara da wuri. Shaƙar ƙurar busasshiyar fata ta fi muni, kamar yadda masu tsintar ulu na garin Bradford a Ingila suka gani a ƙarni na 19. A watan Yunin 2023, bayan cutar ta ɓulla a arewacin Ghana, gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda, sannan a Yuli aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja. Dabbar da ta faɗi matacciya farat ɗaya, jini marar daskarewa na fita ta hanci da dubura, ba a feɗe ta, komai kyan fatarta. Likitan dabbobi ake kira.

Kare kuwa ya shigo lissafin ta ƙofa biyu: akwai na gadi da ake sakewa da dare a harabar kamfani, akwai kuma na yawo da ke bin juji yana cin naman da aka kankare daga fata. Malikiyya, mazhabar da mafi yawan Kanawa ke bi, ba ta ɗauki rayayyen kare a matsayin najasa ba, amma tsarki hukuncin ibada ne, tsafta kuwa batun ƙwayar cuta ce, kuma haɗa su wuri guda kuskure ne. Cutar haukan kare, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, ta miyau take shiga, kuma da zarar alamunta sun bayyana da wuya a tsira. Wanda kare ya ciza ko ya lasar masa rauni sai ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar don allurar rigakafi.

Safar hannu da takalmin roba da wurin wanka ba alfarma ba ce, haƙƙin ma'aikaci ne a kan mai kamfani, kamar yadda yi wa karen gadi allura duk shekara yake wuyansa. Shi kuma ma'aikaci ya bar kayan aiki a wurin aiki, domin rigar da aka yi dakon kirgi da ita kan bi shi har gida, inda ake haɗa ta da kayan yara a bahon wanki ɗaya.