Tarakta Ɗaya, Kuɗi Biyu: Sefar Agadas da Nairar Kano

Tsohuwar tarakta ba a Agadas ake yanka mata farashi ba, ba kuma a Kano ba. Galibi can inda ta gama aikinta na farko ake yankawa, a filayen gwanjo irin na Cambridge a Ingila, inda kamfanin Cheffins ke jera taraktoci duk wata, dillalai daga ƙasashe daban-daban su zo su taya. Da fam ake biya a can, a sauran Turai da yuro, kuɗin jirgin ruwa kuma da dalar Amurka. Manomin da zai hau ta daga ƙarshe mai yiwuwa bai taɓa riƙe ko ɗaya cikin kuɗin nan uku ba. Abin da ke aljihunsa naira ce ko sefa, su kuwa tun 2023 suka raba hanya.

A watan Yunin shekarar ne Babban Bankin Najeriya ya saki naira, ya bar kasuwa ta yanka mata daraja. Kafin nan dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kusan 750 a hannun 'yan canji. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ɗauka akwai Massey Ferguson 375 ta hannu, wadda sayenta da dakonta suka tashi dala 10,000. Dillalin da ke sayen dalarsa a kasuwar canji ta Wapa a Kano, a da naira miliyan 7.5 yake nema. Cikin wata takwas sai ya nemi miliyan 15. Taraktar nan ita ce dai, tayarta ba ta ƙara kauri ba, injinta ma tsufa ya ƙara.

Abin da ya fi ƙona ran masu saye shi ne har wadda ta daɗe a fili tana shan ƙura ita ma ta hau. Mutum ya zagaya ta, ya zaro sandar awon baƙin mai ya murza a yatsa, ya sa a tayar da ita ya duba launin hayaƙi, a ɗaga garma ya tsaya kallo ko za ta tsaya cak ko za ta riƙa sulalewa ƙasa. Duk ya gamsu. Sai dillali ya ciro waya ya tambayi yadda aka tashi a Wapa.

"Haba Alhaji, wannan ai tun bara take nan."

"Gaskiya ne, Malam. To in na ba ka a kuɗin bara, da me zan sayo wata?"

Ana iya kiran wannan haɗama, amma ni lissafi na gani. Ɗan kasuwa da kuɗin kayan da zai mayar gurbi yake ciniki, in ba haka ba jarinsa ya narke yana kallo. Daga nan tsadar ta gangara kan kayan gyara, ta gangara kan kuɗin haya, har ta iske mai eka biyu na shinkafa a Kura ko Kadawa wanda bai taɓa mafarkin mallakar tarakta ba. Kamfanonin da a da suke haɗa taraktoci a gida, Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, sun daɗe da zama labari.

A Agadas lissafin ya sha bamban. Tun Janairun 1999 sefa take ɗaure da yuro, sefa 655.957 kan kowane yuro, ba ragi ba ƙari. Taraktar nan ta dala 10,000 wajen sefa miliyan 6 ce a Mayun 2023, kuma wajen miliyan 6 ɗin ce a Fabrairun 2024. Mai garkar albasa da ya ɗauri aniyar tara kuɗin kaka uku zai iske abin da ya ajiye a shekarar farko yana nan da ƙarfinsa a ta uku. Takwaransa na Kano kuwa a lokacin guga yake zurawa da igiyar da ake yanke mata kamu ɗaya kowace safiya. Wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce, kuma masu kushe sefa kan tsallake ta da sauri. Sai dai da yuro kaɗai aka ɗaure ta. A 2022, da yuro ya faɗi ƙasa da dala, sefa ta bi shi, sababbin taraktocin Sin da Indiya da Pakistan da ake ciniki da dala suka ɗan yi nauyi.

Inda Agadas ke shan wuya shi ne hanya. Nijar ba ta da teku. Kaya a da ta Kwatano suke shigowa, su tsallaka gadar Malanbil zuwa Gaya, su bi Doso da Ƙonni da Tawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Yamai ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Sai aka koma Lome, a ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, a yi makonni ana jiran a haɗa ayarin. In an iso Yamai da sauran kilomita sama da 900, ga hanyar Tawa zuwa Agadas da kowane direba ya san halinta. Abin da sefa ta kare, dako ya ci rabonsa.

Ga kuma ƙarancin kasuwa. Garakan Abzin, irin na Tabelot da Timiya, ƙanana ne a bakin ƙorama tsakanin duwatsu. Injin ban ruwa suke bukata fiye da tarakta. Wurin tarakta shi ne shimfiɗar Irhazer, yamma da Agadas wajen Ingal. Masu saye kaɗan ne, makanikai kaɗan, kuma in wani ƙarfe ya karye sai a jira shi daga Kano ta Damagaram da Tanut.

Wannan ne ke sa mutumin Agadas ya yi tunanin ya ɗauki sefarsa ya nufi Kano, tunda a 2024 jikka ɗaya, wato sefa 1,000, ta wuce naira 2,000. A wurin canji za a cika masa jaka har ya ji ya zama attajiri. Da ya isa filin taraktoci zai tarar farashi ya riga shi gudu, domin dillali da dala ya auna. Arahar da zai samu ta abin da Najeriya ta yi da hannunta ce: tirela da garmar da maƙeran Kano suka walda, ladan makanike, sai kuma taraktar wani manomi da bashi ya matsa wa. Ranar da ya juyo da nasa kayan kuwa, abin kansa yake komawa. Ragon da ya kai kasuwar Najeriya da buhun albasarsa da naira za a biya, in ya canza su dawo 'yan jikkuna. Makiyayan Nijar sun ɗanɗana wannan a 2016, suka sake ɗanɗanawa a 2023.

Idan batun sayen ƙarfen waje ne kawai, sefa ta fi, ba na tantama. Amma ɗaurin nata shawara ce ta mutane, kuma an taɓa kwance shi. Ranar 11 ga Janairun 1994 aka sanar a Dakar cewa faran ɗin Faransa, wanda sefa ke ɗaure da shi a lokacin, ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Abin da naira ta yi a wata takwas, sefa ta yi shi a dare ɗaya, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka kafin gari ya waye. A Fabrairun 2024 kuma shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdurrahman Tiani, ya yi maganar yiwuwar Nijar da Mali da Burkina Faso su buga kuɗinsu na kansu. In hakan ta tabbata, farashin tarakta a Irhazer zai rataya ne kan abin da ƙasashen uku ke iya sayarwa waje: yuraniyom ɗin Arlit, man Agadem, zinariyar Jado, audugar Mali, da albasar da ake loda wa manyan motoci daga Tabelot.