Matar Da Aka Daina Ambaton Sunanta A Gidan McNulty

Yau dai nesa za mu je, can ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Dalili kuwa wasu littattafai ne da ƙanina ya aiko mini, na wani marubuci mai suna Sebastian Barry, haifaffen birnin Dablin a 1955. Wata guda cur na yi ina fama da su, har maigida ya fara tambayata wai ko kishiya na yi masa.

Shi wannan bawan Allah ba sarakuna ko jarumai yake bi ba. Cikin danginsa yake tonowa, ya nemo waɗanda aka daina ambaton sunansu, ya sauya musu suna ya gina labari a kansu. Gidaje biyu ya fi zama a kai, gidan Dunne da gidan McNulty.

Sai kun san abu ɗaya kafin ku gane inda ciwon yake. Ailan ta daɗe ƙarƙashin mulkin Ingila. An yi bore a Dablin a 1916, aka yi yaƙin neman 'yanci daga 1919 zuwa 1921, sannan 'yan ƙasar suka juya wa junansu bindiga daga 1922 zuwa 1923. To duk wanda ya taɓa sa kakin Ingila, ko da yunwa ce ta sa shi, sai ya wayi gari maci amana a garin ubansa. Mutanen Barry ke nan. Uban gidan Dunne babban ɗan sanda ne na tsohuwar gwamnati. Ɗansa Willie ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya a littafin A Long Long Way na 2005, ƙanwarsa Lilly kuma ta gudu Amurka da saurayinta saboda an yanke masa hukuncin kisa, a cikin On Canaan's Side na 2011.

Amma ni gidan McNulty ne ya kama ni, 'yan garin Sligo, maza uku: Eneas da Jack da Tom. Eneas ya rasa aikin yi bayan yaƙi sai ya shiga 'yan sanda, shi ke nan masu neman 'yanci suka sa sunansa cikin waɗanda za a kashe, kuma abokinsa na ƙuruciya ne ya kawo masa saƙon. Haka ya ƙare rayuwarsa a yawon duniya. Kun san har nan Nijeriya ya zo aikin haƙa hanyar ruwa? A nan ya sami amininsa Harcourt, wanda ya riƙe shi fiye da 'yan uwansa na jini. Wannan littafin, The Whereabouts of Eneas McNulty, ya fito a 1998. Shi kuwa Jack, a The Temporary Gentleman na 2014, yana zaune a Akara ta ƙasar Gana a 1957 yana rubuta yadda giya da cacarsa suka cinye matarsa Mai da gidan da ta gada. Gaskiya ni bai ba ni tausayi ba, nadamar bayan an rufe kabari ba ta burge ni.

Wadda ta sa ni kuka ita ce Roseanne, matar Tom, a cikin The Secret Scripture na 2008. Tsohuwa ce ta kusa shekara 100, ta shafe fiye da rabin rayuwarta a asibitin masu taɓin hankali, tana rubuta tarihinta a ɓoye tana cusa takardun ƙarƙashin katakon daɓen ɗakinta. Me ta yi? Kyakkyawa ce, ba ta da gata, kuma ɗariƙarsu ta Kirista daban da ta gidan mijin, don haka tun farko uwar miji ba ta ƙaunarta. Rannan sai limamin cocin garin ya gan ta tsaye da wani namiji a kan dutse. Gani kawai fa, jama'a! Ba a tambaye ta ba, ba a zaunar da ita da mijinta ba. A lokacin babu saki a ƙasar, sai a 1995 aka kaɗa ƙuri'ar halatta shi, don haka limamin ya bi ta hanyar coci aka ce auren ma tun asali bai ɗauru ba, wai tana da ciwon son maza. Tom ya yi sabon aure abinsa. Ita kuwa aka bar ta ita kaɗai a wani ɗakin kwano a bakin teku, kowa ya ɗauke ƙafa.

Wata rana Eneas, shi ma korarre, ya biyo ta wajen. Kwana ɗaya ya yi. Ba ina wanke ta ba ne, amma wa ya jefa ta cikin wannan kaɗaicin? Ta haihu a bakin teku ana ruwa da iska, ta farfaɗo babu jariri. Daga nan sai asibiti.

Inda Barry ya yi dabara shi ne, likitan asibitin yana riƙe da takardar da limamin ya rubuta a kanta, kuma labarin biyu sun saɓa. Kai mai karatu sai ka rasa na wa za ka ɗauka, na mai rawani ko na wadda aka ce ba ta da hankali. Inda jaririn ya shiga kuwa ba zan faɗa ba. Wasu sun ce ƙarshen ya yi kama da na fim ɗin Indiya, ni ma na ɗan ga haka, amma bai hana littafin cin babbar kyautar Costa ta wannan shekarar ba.

Barry ya ce mahaifiyarsa ce ta taɓa nuna masa wani ɗan ɗaki a Sligo, ta ce nan matar fari ta wani kakansu ta zauna kafin a kai ta asibiti, ko sunanta ba a riƙe ba. Da na karanta haka sai gabana ya faɗi, don mu ma akwai wata gwaggo da tun ina yarinya in an zo kanta sai manya su sauya zance. Ranar Juma'a na shirya na tafi gidan Hajiya kakata, na bari sai da jikoki suka watse na ce, "Hajiya, don Allah ya sunan ƙanwar Malam ɗin nan da ba a maganarta?" Ta daɗe tana jan carbi ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Tashi ki rufo ƙofar nan ki dawo."