Zaɓen Wurin Gida A Bakin Tabkin Chadi

Mutumin da ya tara 'yan kuɗinsa a Injamena, ko Marwa, ko can Jidda, ya kuma ƙudura sayen gida a bakin Tabkin Chadi domin cinikin banda ko noman masara, tambayar da zai fara yi ita ce nawa ne kuɗin fili. Amma akwai wata tambaya da ta riga wannan, watau a wane gefe na tabkin. Gama tabkin nan ba kamar sauran tabkuna yake ba. Gaɓarsa tafiya take yi. Gidan da yake bakin ruwa bana, mai yiwuwa ne bayan shekara biyar mai shi sai ya hau jaki kafin ya ga ruwa, ko kuwa ya shiga kwalekwale kafin ya kai ƙofar zaurensa.

Dalilin wannan abu biyu ne, rashin zurfi da kuma inda ruwan yake fitowa. Tabkin yana kwance ne cikin wani shimfiɗaɗɗen kwari tsakanin Chadi da Kamaru da Nijar da Nijeriya, kamar ruwan da aka zuba a faranti, har a wurare da yawa ba ya shanye dogon mutum. Kowace shekara rana da iska suna shanye fiye da mita 2 na zurfinsa, ruwan saman da yake sauka a kansa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Abin da yake cike gurbin shi ne Kogin Shari, wanda ya taso daga Afirka ta Tsakiya, da ƙaninsa Logon, wanda ya gangaro daga tsaunukan Adamawa, suka haɗu a Injamena suka faɗa tabkin ta kudu. Kusan kashi tara cikin goma na ruwan da koguna suke kawowa nasu ne. Ashe ke nan ran tabkin yana hannun daminar wata ƙasa mai nisan ɗaruruwan kilomita. Tun da yake kuwa ƙasar a shimfiɗe take, ƙaramin canji a bisa yakan zama babban canji a faɗi. A ce gangaren wuri mita ɗaya ne cikin kilomita biyar: in ruwa ya ƙaru da taƙi ɗaya kurum, sai ya ci wajen kilomita guda na tudu.

Wani hafsan Faransa mai suna Tilho, wanda ya auna tabkin a farkon ƙarni na 20, ya kasa halinsa uku, watau babba da matsakaici da ƙarami, shi da kansa kuwa ya tarar da arewacinsa ya ƙafe. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000. Sa'an nan farin shekarun 1970 da na 1980 ya zo, har buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Daga nan aka shiga cewa tabkin zai ɓace, ana kuma maimaitawa har yanzu. Hotunan da tauraron ɗan'adam yake ɗauka ba su goyi bayan wannan magana ba, gama tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, wani kuma yana ɓoye ƙarƙashin ciyawa inda ido ba ya ganinsa. A 2022 da 2024 ma ambaliya ce ta dami mutanen ƙasar Chadi. Mai sayen gida ya kamata ya ji tsoron cikar ruwa daidai da yadda yake tsoron janyewarsa.

A 1973 wani tudu da yake ƙarƙashin ruwa, wanda ya miƙe daga wajen Baga ta Nijeriya zuwa Baga Sola ta Chadi, ya fito fili ya raba tabkin biyu, kwarin kudu da kwarin arewa. Ciyawa da itatuwan fadama suka tsiro a kansa suka ƙara toshe hanya. Tun daga ran nan, duk mai zancen zama a bakin tabki sai ya faɗi wanne daga cikin biyun yake nufi.

Kwarin kudu shi ne ɗan gata, domin shi yake fara shan ruwan Shari. Ko a mafi munin shekarun fari bai ƙafe ba. Ruwansa ya fi daɗi, kifinsa ba ya yankewa, sa'ad da ruwa ya janye kuma yakan bar danshi da taki inda ake shuka masara da wake ba tare da ban ruwa ba. Har wa yau shi ne ya fi kusa da manyan kasuwanni, Injamena da Kusuri da Maiduguri. Saboda haka ne jama'a suka yi cincirindo can, Shuwa da Kotoko da Barebari da Hausawa, filin kirki ya yi tsada, rigima tsakanin manomi da makiyayi da masunci kuma ba ta ƙarewa, tun da wuri ɗaya ne yake zama matsunta a wata kaza, gona a wata kaza, makiyaya a wata kaza. Amma babban abin lura ga mai gini a nan shi ne ƙasar kanta. Yawancinta baƙar laka ce, wadda Barebari suke kira firki, irin wadda ake dasa masakwa a kanta. Lakar nan in ta sha ruwa sai ta kumbura, in ta bushe sai ta tsuke ta dare har hannu ya shiga. Gini kuwa ba ya iya bin wannan numfashi. Shekara biyu ko uku sai bango ya tsage daga tushe, ƙofa ta ƙi rufuwa. Bulo da siminti ba su tsira daga wannan ba, wani lokaci ma sun fi ginin ƙasa shan wuya, domin ginin ƙasa ana yi masa yaɓe a gyara da arha. Wanda ya duba inda tsofaffin garuruwan Kotoko suke zai ga duk a bisa tuddai aka kafa su, ba kuwa don sha'awar hange ba ne.

Kwarin arewa labarinsa dabam ne, akwai kuma abin mamaki a ciki. Gindinsa ya fi na kudu zurfi, har a zamanin cikar tabki nan ne manyan kifaye suke. Amma yanzu ba ya samun ruwan Shari sai kudu ya ƙoshi ya tumbatsa ta kan tudun nan. In damina ta yi kyau a Afirka ta Tsakiya, ruwa ya ƙetare ya malale fili mai yawa, a sami kifi da noma da kiwo na ban mamaki. In ba ta yi ba, sai a wayi gari ana tafiya da mota inda ake jefa taru bara. Cikin shekarun 1980 an yi shekarun da kwarin ya kwana a bushe daga farko har ƙarshe. Kogin da yake shiga nan kai tsaye shi ne Komadugu Yobe, wanda ya tattaro ruwan Haɗeja da Jama'are ya faɗa kusa da Boso, amma ƙarami ne tun asali, madatsun Tiga da Challawa kuma sun rage shi. Garin Ngigmi na Nijar ya isa misali. Dā masunta suna ɗaure jiragensu a bakin gari, daga baya ruwa ya yi nisan kilomita da yawa. Wanda ya sayi babban gida can domin cinikin kifi kafin 1973, gidan bai rushe ba, abin da ya sa ya saye shi ne ya tashi ya bar shi.

Ba talaka kaɗai wannan ya ruɗa ba. A cikin shekarun 1970 gwamnatin Nijeriya ta haƙa babbar hanyar ruwa daga tabkin zuwa ƙasar Marte domin noman alkama da shinkafa a dubban kadada, an yi lissafin kuwa bisa ga tabkin shekarun cika. Kafin aikin ya kankama ruwa ya janye daga bakin hanyar, injuna suka tsaya.

Gefen gabas, wajen Bol da ƙasar Kanem, tuddan rairayi ne jere, waɗanda ruwa ya shiga tsakaninsu ya mai da waɗansu tsibirai. Wanda ya yi gida a kan tudu a nan ya huta da ambaliya, rairayi kuma ba ya kumbura kamar laka. Mutanen wurin suna da wata dabara tun dā: sukan datse wani hannun tabki tsakanin tudu biyu, ruwa ya ƙafe, su noma alkama da masara a gindinsa fiye da sau ɗaya a shekara. Cikas ɗin wannan gefe kanwa ce. A nan ne amsar wata tsohuwar tambaya take, watau me ya sa tabkin da ba shi da mafita ruwansa bai zama na gishiri ba. Ruwan yana tsiyayewa ta ƙarƙashin rairayi, yana tafiya da gishirinsa, ya je ya fito a kwaruruwan Kanem, rana ta shanye shi ta bar kanwa, wadda fatake suka daɗe suna kaiwa ƙasar Hausa. Abin da ya tsabtace tabki shi ne yake ɓata rijiya. Mutum yana iya zama yana kallon ruwa mai daɗi, rijiyar gidansa kuwa ba ta shayuwa, gonar da aka datse ma in ba a sake malala mata ruwa ba sai farin gishiri ya hau kanta. Kafin a biya kuɗi, a ɗanɗana ruwan rijiyoyin unguwa a ƙarshen rani, a kuma dubi gindin katangun maƙwabta ko gishiri yana cinsu. Ban da wannan, hanya tana da nisa, kayan gini kuma suna isowa da tsada.

Tsibiran ciki kuwa na Buduma ne da shanunsu masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda suke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Baƙo yakan je can da izini ya kafa bukka lokacin su, amma ba wurin zuba jari a gini ba ne. Sauro da bobuwa kaɗai sun isa su kore shi.

Akwai kuskure guda da baƙi suke yawan yi, ya kuwa cancanci a dakata a kansa. Bahaushe ya saba da cewa in ana so a san halin fili sai a dube shi da damina. A bakin wannan tabki ba haka ba ne. Ruwan da ya sauka a kudu cikin Yuli da Agusta sai ya fara cika fadamun Logon da Shari, yana tafe a hankali, ba ya kai matuƙa a Injamena sai wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Tabkin kansa sai cikin hunturu yake batsewa, wajen Disamba, arewa kuwa bayan haka. Lokacin da ya fi ƙanƙanta shi ne farkon damina. Watau wanda ya je duban fili a watan Yuli, ana tsuga ruwan sama, ya ga tabki can nesa ya ce ya tsira, ya ga tabkin ne a ranar da ya fi kowace rama. Ga kuma iskar hunturu, wadda take busowa daga arewa maso gabas, tana tura ruwa zuwa gaɓar kudu da yamma a daidai lokacin cikarsa. Saboda haka da sanyi ake duban fili, a nemi dattawan wurin su nuna inda ruwa ya tsaya a 2022, in da mai tsawon rai kuma ya nuna inda ya tsaya a farkon shekarun 1960.

Zancen lafiya gajere ne, kusan ɗaya ne kuma a ko'ina. Ruwa mai kwanciya cikin ciyawa gidan sauro ne, gidan ƙananan dodon koɗi ne kuma, waɗanda suke ɗauke da ƙwayar tsargiya, yara masu wanka su suka fi kamuwa. Gidan da yake nesa da fadama kaɗan, inda iska take kaɗawa, ga rijiyar burtsatse kusa, ya fi wanda ruwa yake lasar katangarsa.

Saura batun takarda da iyaka. Ruwa bai san iyaka ba, amma hukuma ta sani. Sa'ad da tabki ya janye, masunta da manoma daga Nijeriya suka bi shi gabas suka kafa garuruwa wajen Darak, suna zaton suna gida. A watan Oktoba na 2002 Kotun Duniya ta yanke cewa wurin na Kamaru ne, a Disamba na 2003 kuma aka miƙa ƙauyuka fiye da 30. A Chadi da Kamaru doka ta sa tabki, har iyakar inda ruwansa yake kaiwa in ya cika, cikin dukiyar hukuma wadda ba a sayarwa. Abin da bulama yake ba mutum a ƙasar da ruwa ya bari izinin amfani ne, ba mallaka ba, ko da an rubuta an sa hannu. Tun wajen 2014 kuma rikicin Boko Haram ya mamaye yankin, aka kai wa Baga mummunan hari a Janairu na 2015, aka kwashe mutane daga tsibirai da dama, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu a ƙasashen huɗu. Gida mai arha ƙwarai a bakin tabki, sai a tambaya wa ya gudu ya bar shi, ko kuma yana nan da rai zai komo.

In aka auna duka, mai son gini na dindindin gefen kudu ya fi masa, a bisa tudu, cikin tsohon gari da yake nan tun kafin 1963, inda akwai hanya da hukuma. Gefen Bol yana biye, ga wanda ya sami rijiya mai daɗi. Arewa tana da arziki a shekarar ruwa, amma ba ta ɗaukar nauyin siminti. 'Yan ƙasa da yawa gida biyu gare su: na ƙasa a kan tsohuwar gaɓa, inda iyali da rumbu suke, da na zana da kara a bakin ruwa, wanda ake tuɓewa cikin yini guda a ɗora a jirgi in tabki ya matsa.