Dashen fata: Yadda likitoci ke ceto waɗanda suka yi mummunar ƙuna

A daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, wata tankar mai ta kife a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa, ta kama da wuta a lokacin da jama'a ke ɗibar fetur. Sama da mutum 150 ne suka rasu a kwanakin farko, kuma adadin ya ci gaba da hawa, domin wasu da aka kwantar a asibitocin Jigawa da Kano sun cika daga baya.

Mutuwar da ke biyo baya ita ce babbar matsalar ƙuna. Fata ce ke riƙe ruwan jiki, ita ce kuma ke tare ƙwayoyin cuta. Idan ta ƙone, ruwa na tsiyayewa, ƙoda na iya tsayawa, rauni kuma ya ruɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 duk shekara, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Haɗarin bai tsaya ga tanka ba. A Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, kamar sauran ƙasar Hausa, kaskon garwashi a lokacin hunturu, da tafasasshen ruwa, da fetur ɗin da ake ajiyewa a gida, suna cikin abubuwan da ke ƙona mutane, musamman yara.

Likita kan fara da auna faɗin ƙunar: tafin hannun majinyaci da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Yaron da ƙunarsa ta kai kashi 10 yana buƙatar ƙarin ruwa nan take. Idan ƙuna mai zurfi ta zagaye hannu ko ƙirji, fatar kan taurare ta toshe jini ko ta hana numfashi, sai a tsaga ta don a sassauta.

Daga nan sai tiyata. A da, akan jira makonni har matacciyar fatar ta faɗi da kanta. Wata likita 'yar Slobeniya, Zora Janžekovič, ta bayyana a 1970 hanyar fere mataccen nama cikin 'yan kwanaki har a kai ga mai jini, a rufe wurin da wuri. Yau ita ake bi.

Ana ɗebo siririyar fata daga inda bai ƙone ba, galibi cinya, a shimfiɗa a kan raunin. Idan raunin ya yi faɗi, akan huda fatar kamar raga don ta miƙe. Cikin kamar kwana biyar take kamawa, inda aka ɗebo kuma ya warke cikin kusan mako biyu. Fatar wani mutum ba ta zama dindindin, jiki kan ƙi ta.

Raunin da aka bari ya warke da kansa kan bar tabo mai ɗaure wuya ko gwiwar hannu ko yatsu, har sai an sake yin aiki a saki gaɓar. Shi ya sa ake nacewa kan motsa gaɓoɓi tun majinyaci yana kwance.

Irin wannan aiki sai manyan asibitoci. Ga mutanen masarautar Kazaure, mafi kusa su ne Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuɗin magani da jini da jinya mai tsawo kan sa wasu iyalai su koma gida kafin a kammala.

Abin da iyali ke iya yi kafin asibiti shi ne zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a cire zobe da warwaro kafin kumburi, a rufe da tsaftataccen ƙyalle. Manja da ƙwai da man goge baki da toka ba sa warkarwa, ƙara wa likita aiki suke yi. Ƙunar fuska ko hannu ko al'aura, da duk wadda ta yi fari ko baƙi ba ta zafi, ba a kwana da ita a gida.