Tsakanin "Kariya" da "Maƙiyi": Bayani a Kan Binciken Malam-Buɗe-Littafi da Halayyar Kifi

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshe da suka ɗora wa kansu aikin samar wa Hausa kalmomin kimiyya sukan ci karo da wata matsala, watau a sami kalma ta dace da abin da ƙamus ya ce, amma ta saɓa wa abin da binciken kansa ya gano. Wannan maƙala za ta yi bayanin wasu bincike daga fannin nazarin dangantakar halittu da muhallinsu. Kashi na farko ya shafi yadda aka ceto wani malam-buɗe-littafi a Ingila, na biyu kuwa ya shafi abin da ƙananan kifaye suke yi idan suka ga babban kifi mai cin su. An zaɓe su ne domin dukkansu suna taɓa wasu kalmomi biyu da bakinmu yake saurin kaiwa gare su idan ana fassara irin wannan ilimi, watau "kariya" da "maƙiyi".

2.0 Shuɗin malam-buɗe-littafi na Ingila

A kudu maso yammacin Ingila akwai wani malam-buɗe-littafi mai shuɗin fukafukai da ɗigo-ɗigon baƙi, wanda masana suka daɗe suna kira Maculinea arion, a yau kuma aka fi sanin sa da Phengaris arion. Tun ƙarni na 19 aka lura yawansa yana raguwa, kuma kusan kowa ya ɗora laifin a kan masu kama shi suna sokewa da allura don ado ko sayarwa. Saboda haka maganin da aka fara kawowa shi ne shinge. A shekarun 1930 an keɓe masa wani fili a Cornwall, aka kewaye shi, aka hana mutane shiga. To amma shingen da ya hana mutum shiga ya hana dabbobin kiwo ma. Ba a daɗe ba malam-buɗe-littafin ya ƙare ƙaƙaf a cikin filin da aka keɓe dominsa. Garin neman gira aka rasa ido. A shekarar 1979 aka ba da sanarwar cewa babu sauran ko ɗaya a duk faɗin Birtaniya.

Kafin wannan sanarwa, wani matashin masani mai suna Jeremy Thomas ya share shekaru, tun daga 1972, yana bin rukunin ƙarshe da ya rage a tsaunukan Dartmoor, yana ƙidaya ƙwai da tsutsa, yana auna tsawon ciyawa. Abin da ya gano bai zo a kan kari ba balle ya ceci wancan rukuni, amma shi ne ya warware ƙullin.

Ga yadda rayuwar wannan ƙwaro take. Macen takan saka ƙwanta a kan tohon furen tayim na daji, ɗan'uwan wanda matanmu suke zubawa a miya tare da kori. Tsutsar da ta fito takan ci furen na kimanin mako uku, sa'an nan ta faɗo ƙasa ta jira. Idan wata jar tururuwa ta iske ta, sai tsutsar ta fitar da ɗan ruwa mai zaƙi, ta kuma lanƙwashe jikinta yadda za ta yi kama da ɗan tururuwa, ga ƙamshin jikinta ma ya yi kusa da nasu. Sai tururuwar ta ɗauke ta ta kai gida, a zatonta ɗansu ne ya ɓata. A nan tsutsar za ta zauna kimanin wata goma tana cinye 'ya'yan masu gida, har ta rikiɗe, ta fito da fukafukai a watan Yuni ko Yuli. An san wannan ha'inci tun 1915. Abin da ba a sani ba shi ne, jajayen tururuwan nan iri-iri ne, kuma ko da yake kowane iri yana ɗaukar tsutsar, a gidan iri ɗaya ne kawai, watau Myrmica sabuleti, take rayuwa da yawan da zai isa zuriya ta ɗore. A gidajen sauran, galibi gane ta ake yi a kashe.

Ita kuwa wannan tururuwa, a ƙasa mai sanyi irin Ingila, ba ta iya zama sai a gangaren da yake fuskantar rana, inda dabbobi suka cinye ciyawa ta zama gajeruwa ƙwarai, har zafin rana yake ratsa ƙasa. Da ciyawa ta ƙara tsawon 'yan santimita kaɗan, sai ƙasa ta yi sanyi, wannan iri ya gushe, wani iri mai jure sanyi ya maye gurbinsa. Mai kallo daga nesa ba zai ga wani canji ba: ga tayim, ga jajayen tururuwa, ga fili kore shar. Abubuwa biyu suka bar ciyawar ta yi tsawo. Manoma sun daina kai tumaki da shanu waɗannan gangare masu wuyar hawa, sa'an nan a 1953 wata annoba ta shiga zomayen daji ta kusa ƙarar da su, alhali su ne suke aske abin da tumaki suka bari.

Da aka fahimci haka, sai aka juya akalar aikin. Aka sare sarƙaƙiya, aka mayar da dabbobi kiwo, aka jira tururuwar ta dawo. A 1983 da 1984 Thomas da abokin aikinsa David Simcox suka kawo irin malam-buɗe-littafin daga tsibirin Öland na ƙasar Suwidin suka sake shi. Ya kama, ya yaɗu zuwa wurare da dama, musamman tuddan Somerset, kuma a 2009 suka buga cikakken bayanin aikin a mujallar Science.

Wani abin lura ga manazarcin harshe: Hausa tana da tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa da shazumamu, domin kowannensu yana da irin ta'asar da yake yi wa mutum a gida ko a gona. Malam-buɗe-littafi kuwa, da yake ba ya cizo ba ya sata, suna ɗaya ya samu, ga shi kuwa Nijeriya tana da sama da iri 1000.

3.0 Ƙaramin kifi da mai cin sa

Hausawa suna cewa kifi na ganin ka mai jar koma. Binciken masana ya nuna cewa wannan gani ya wuce salon magana.

A 1938 Karl von Frisch, masanin nan ɗan Ostiriya da ya yi suna a kan nazarin zuma, ya lura cewa idan aka ji wa wani ɗan ƙaramin kifin rafukan Turai rauni aka mayar da shi cikin 'yan'uwansa, sai garken ya watse a firgice. Ya gano cewa wani sinadari ne yake fita daga fatar da ta yage, sauran suna shaƙarsa a cikin ruwa. Daga baya an tarar da haka a babban dangin kifayen da tarwaɗarmu take cikinsa.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne wanda Tony Pitcher da Anne Magurran suka bayyana a tsakiyar shekarun 1980. Idan babban kifi mai farauta ya ɓullo, ba duk garken yake gudu ba. Kifi ɗaya ko 'yan kaɗan sukan fita, su matso kusa da shi a hankali, suna tsayawa suna ci gaba, su dube shi, sa'an nan su komo. Wannan leƙen asiri ne: ana so a gane ko yunwa yake ji ko a ƙoshe yake, ko ma ba mai haɗari ba ne, domin kifin da yake barin kiwo a kan kowace inuwa yunwa za ta kashe shi. Magurran ta kuma nuna cewa kifayen da suka fito daga kogin da yake da mafarauci sun fi ƙwarewa a wannan leƙe da haɗa garke a kan waɗanda suka fito daga ruwan da babu shi. A 1987 Manfred Milinski ya jera madubi a gefen akwatin ruwa don kifi ya zaci yana da abokin tafiya. Idan hoton yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, yakan matsa kusa da mafarauci. Idan aka karkata madubin har hoton ya riƙa ja da baya, shi ma sai ya noƙe. Milinski ya fassara wannan da "ka yi mini, in yi maka". Wasu masana sun musa, suka ce son shiga garke ne kawai, kuma a ganina hujjarsu tana da ƙarfi, domin madubi ba ya iya nuna niyya.

Hujja mafi ƙarfi daga tsibirin Tirinidad ta zo. A can akwai wani ɗan mitsitsin kifi da ake kira gofi, wanda aka kai ƙasashe da dama don ya ci tsutsar sauro. Rafukan tsaunukan arewacin tsibirin suna da magangarun ruwa da manyan kifaye ba sa iya hawa. Gofin ƙasan magangara, inda mafarauta suke, yana tafiya a garke matsattse, mazansa ba su da ado sosai, yana balaga da wuri, yana haihuwar 'ya'ya ƙanana masu yawa. Na sama kuwa ya fi sakewa, mazansa sun fi launi. A 1976 John Endler ya ɗebi gofi daga ƙasa ya zuba a wani rafi na sama, cikin shekara biyu zuriyarsu ta ƙara launi. David Reznick ya bi irin wannan gwaji na shekara 11, ya ba da rahoto a 1990 cewa lokacin balaga da girman 'ya'ya ma sun canza, kuma canjin ya zama gado. Ke nan launin wannan kifi da halinsa da yawan haihuwarsa duk da hannun mai cin sa a ciki.

4.0 Kalmomin biyu

"Kariya" daga "kare" take, kuma hoton da take kawowa a zuciyar Bahaushe shi ne katanga ko garkuwa, watau a shiga tsakanin abu da duniya. Wannan hoto shi ne ainihin kuskuren da aka yi a Cornwall. Abin da ya ceci malam-buɗe-littafin ya fi kusa da "tattali" ko "kiyayewa", domin mai tattali yana sa hannu kullum, yana ragewa yana ƙarawa, kamar yadda makiyayi yake yi da garkensa. Ina ganin "tattalin halittu" ya fi cancanta a littattafan makaranta, a bar "kariya" ga inda doka take hana kisa ko sara.

"Maƙiyi" kuma tana ɗauke da ƙiyayya da niyya, ga ta da hukunci a cikinta: wanda aka kira maƙiyi, kawar da shi ake so. A labarin farko, kyakkyawan ƙwaron da ake tausayi shi ne mai cin 'ya'yan wasu, tumakin da aka kora kuwa su ne masu rai da shi. "Mafarauci" ta fi, domin aiki take faɗa, ba ta yanke hukunci. Giwan ruwa ya ishe mu misali. A kogin Kwara da tafkin Cadi ya daɗe yana zaune da karfasa da sauran kifayen da suka san shi, babu wanda ya ƙare. Da aka zuba shi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, cikin kifayen da ba su taɓa gamuwa da irinsa ba, sai ya bunƙasa a shekarun 1980, kuma shi da gurɓacewar ruwa suka yi sanadin ɓacewar kimanin iri 200 na ƙananan kifayen tafkin. Kifi ɗaya ne a wuraren biyu, kuma "mafarauci" ta dace da shi a ko'ina. Cikas ɗinta kawai shi ne, a kunnen ɗalibi tana kawo mutum da karnuka da gora, don haka sai malami ya faɗaɗa ma'anarta da gangan kafin ta ɗauki tsutsar da take kwance a ramin tururuwa tana cin abin da yake gabanta.