Ina 'Yan'uwanmu Malaman Jami'a Suke A Ranar Taron ASUU?

Iyaye a ikilisiyoyinmu na Mahuta da kewaye, daga Funtua har Malumfashi, ba za su manta da shekarar 2022 ba. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, 'ya'yanmu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma suna zaune a gida. An yi shuka da su, an yi noman farko da maimai da su, har masara ta isa girbi ba a buɗe makaranta ba. Uban da ya sayar da buhunan waken suya ya biya kuɗin hayar ɗaki, kuɗin ya tafi a banza. A lokacin kowa yana zagin ƙungiyar malaman jami'a, watau ASUU, amma kaɗan ne suka tambayi yadda take yanke shawara.

To, ga yadda abin yake. Kowace jami'a da ke cikin ƙungiyar tana da reshenta, da shugaba da sakatare da ma'aji da mai kula da jin daɗin malamai, kuma malaman ne ke zaɓensu. Kafin a tafi yajin aiki, akan kira taron reshe a ji ra'ayin malamai, sa'an nan shugabannin rassa su kai abin da aka tsayar zuwa majalisar zartaswa ta ƙasa. Ashe ke nan, shawarar da ta zaunar da 'ya'yanmu a gida ta faro ne daga ɗakin taro, a hannun waɗanda suka zo. Wanda bai zo ba, an yanke masa.

A nan ne muke da magana da 'yan'uwanmu cikin Kristi waɗanda Ubangiji ya ɗaga daga ƙauyukan nan har suka zama malaman jami'a. Da yawansu ana cire musu kuɗin ƙungiya daga albashi kowane wata, amma ranar taro sai su ce harkar 'yan hayaniya ce, ba ta dace da mai bi ba. Wannan uzuri bai gamshe mu ba. Mutumin da ba ya fashin taron dattawan ikilisiya, wanda ya san yadda ake lissafin baiko har kwabo na ƙarshe, shi ne ya fi cancanta ya riƙe littafin ma'aji. A Ayyukan Manzanni sura 6, da gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, taro aka kira, jama'a suka zaɓi mutum bakwai. Aikin rabon abinci ne, amma masu kyakkyawar shaida aka nema.

Kada kuma a ɗauka ƙungiyar ba ta taɓa haifar da alheri ba. An kafa ta a 1978. Marigayi Dakta Mahmud Tukur na sashen tarihi a Zariya ya shugabance ta, haka ma Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda daga baya ya riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Gwamnatin Janar Babangida ta haramta ƙungiyar a 1988, ta sake haramta ta a 1992, amma yarjejeniyar da aka ƙulla a Satumban 1992 ita ta jawo dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta sa kamfanoni su riƙa ba da kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Asusun nan shi ne ya zama TETFund a 2011, kuma wanda ya shiga jami'ar gwamnati a yau zai ga sunansa a jikin ɗakunan karatu. Mutane ne suka zauna taro, wasu har aka tsare su, kafin a samu wannan.

Gaskiya ne hidimar tana da wahala. Akwai tafiye-tafiye, akwai ɓacin rai da hukumar makaranta, a 2022 kuma an riƙe albashin malamai na watanni. Amma ƙofar a buɗe take, ba a tambayar addini ko ƙabila. A watan Mayu na 2025, wakilai suka zaɓi Farfesa Chris Piwuna, likita daga Jami'ar Jos, ya zama shugaban ƙungiyar na ƙasa.

Muna roƙon fastocinmu, idan waɗannan malamai sun zo gida hutun Kirsimati, ban da neman gudummawar rufin coci, a tambaye su yaushe ne zaɓen reshensu, da wanda zai tsaya.