BABI NA UKU: TASIRIN MOTSA JIKI GA MASU CUTAR SHAN BARASA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba irin tasirin da motsa jiki yake yi ga mutumin da shan barasa ya zame masa cuta. Abin nufi da cuta a nan shi ne yadda littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya fayyace a shekarar 2013, wato mutum ya nuna aƙalla alamomi 2 daga cikin 11 a tsawon wata 12, kamar kasa tsayawa idan ya fara sha, da tsananin sha'awar giya, da rawar jiki idan bai samu ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kimanin miliyan 400 ne suke fama da wannan cuta, kuma barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: shin motsa jiki yana sa mashayi ya rage sha, ko kuwa wani amfani dabam yake yi masa?

3.1 Dalilin da ya sa aka kyautata zato

Barasa tana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadaran jin daɗi, musamman dofamin da endofin. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba, har ta kai abubuwan da suke faranta wa sauran mutane rai, kamar abinci da hira, su daina yi wa mashayi armashi. Motsa jiki shi ma yana taɓa waɗannan hanyoyi, sai dai a hankali. Daga nan ne masana suka yi tunanin ko zai iya cike gurbin da giya ta bari. Bugu da ƙari, motsa jiki yana rage ƙuncin rai, yana kuma gyara barci, alhali rashin barci da ƙuncin rai suna cikin manyan abubuwan da suke mayar da wanda ya daina sha gidan jiya. Akwai kuma dalili na zahiri wanda ba ya buƙatar ɗakin gwaji: wanda ya saba zaman mashaya daga la'asar zuwa tsakar dare, in ya daina, sai ya tarar da sa'o'i masu yawa da bai san yadda zai yi da su ba.

3.2 Abin da bincike ya nuna

Ɗaya daga cikin ayyukan farko shi ne na Sinyor da abokan aikinsa (1982) a lardin Kebek na ƙasar Kanada. Sun tarar cewa majinyatan da suka shiga shirin motsa jiki a wata cibiyar jinya sun fi waɗanda ba su shiga ba ƙaurace wa giya bayan wata 3. Sai dai ba ta hanyar ƙuri'a aka raba mutanen ba, don haka ba za a iya tabbatar da cewa motsa jikin ne ya kawo bambancin ba.

Ussher da abokan aikinsa (2004) a Ingila sun ɗauki mutum 20 da suka gama matakin farko na jinya, suka sa su tuƙa keken motsa jiki na minti 10. Sha'awar giya ta ragu a lokacin da suke kan keken, amma ragin bai ɗore ba bayan sun sauka. Wannan sakamako ƙarami ne, amma a ganin mai wannan nazari yana da muhimmanci, domin sha'awar giya takan taso ne ta yi ƙarfi sannan ta lafa, kuma abin da zai riƙe mutum na minti 10 yana iya tsallakar da shi wannan gaɓa.

A Amurka, Brown da abokan aikinsa (2014) sun raba mutum 49 marasa motsa jiki gida biyu. Kashi ɗaya ya yi mako 12 yana atisaye a rukuni, ɗayan kuwa shawara kawai aka ba shi. Masu atisayen sun rage kwanakin sha a lokacin shirin, amma bambancin bai ɗore ba bayan an gama. Ya kamata a lura cewa shirin ya haɗa da zaman tattaunawa da ƴan kyaututtukan ƙarfafa gwiwa, ke nan da wuya a ware rabon motsa jiki daga rabon zama cikin jama'a.

Gwajin da ya fi waɗannan girma shi ne na Roessler da abokan aikinta (2017) a ƙasar Denmak, inda aka raba majinyata 175 gida uku: masu jinya kawai, da masu jinya tare da gudu a rukuni, da masu jinya tare da gudu su kaɗai. Bayan wata 6 ba a sami wani bambanci na a-zo-a-gani a yawan shansu ba. A wannan shekarar ce kuma Hallgren da abokan aikinsa suka tattara bincike 21 da suka ƙunshi mutum 1,204. Abin da suka gano shi ne motsa jiki bai rage yawan barasar da ake sha a kullum ba, amma ya rage alamomin ciwon damuwa, ya kuma ƙara ƙarfin zuciya da huhu. Har ila yau, kimanin kashi 40 cikin 100 na mahalarta sun janye kafin a kammala.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne abin da ya kamata a tsaya a kansa. Idan mutum 4 cikin 10 suka watsar da shiri, to waɗanda suka rage su ne masu himma tun asali, kuma mai himmar fitowa gudu da asuba wataƙila shi ne mai himmar barin giya ko da bai yi gudun ba. Saboda haka idan aka ce "waɗanda suka dage da motsa jiki sun fi rage sha", maganar gaskiya ce, amma ba ta nuna wanne ne ya haifar da wanne ba. Wani abin mamaki kuma, binciken jama'a a Amurka ya sha nuna cewa masu motsa jiki sun fi marasa yi shan giya, musamman ɗalibai ƴan wasa, waɗanda shagalin bayan wasa yake cikin al'adarsu.

To, ko da bai rage sha ba, amfanin da aka tabbatar ba na yarwa ba ne. Mai wannan cuta yana cikin haɗarin hawan jini da ciwon zuciya da raunin tsoka, kuma ciwon damuwa yana tare da da yawa daga cikinsu.

3.3 Inda haɗari yake

Akwai camfin da ya yaɗu cewa gumi yana fitar da giya daga jiki. Ba haka ba ne. Hanta ce take sarrafa fiye da kashi 90 cikin 100 na barasar da aka sha, abin da yake fita ta numfashi da fitsari da gumi kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya kwana yana sha ya tashi ya kama gudu, ƙarancin ruwa kawai zai ƙara wa kansa, sukarin jininsa ma yana iya faɗuwa.

Mafi haɗari shi ne kwanakin farko na dainawa. Wanda jikinsa ya kamu sosai yana iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya tsakanin awa 6 zuwa 48 da shansa na ƙarshe, sannan daga kwana na 2 zuwa na 4 yana iya shiga ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, abin da kan kai ga mutuwa idan ba a kula ba. Wannan lokaci na asibiti ne, inda ake ba da magungunan kwantar da jijiyoyi da bitamin B1. Sai bayan ya wuce, likita ya duba zuciya da hanta da jijiyoyin ƙafa, sannan a fara da tafiya, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har a kai minti 150 a mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi a jagorarta ta 2020. Duk wannan ƙari ne a kan jinya ta asali, wato zaman shawara da magunguna irin su naltirezon da akamfuroset.

Daga ƙarshe akwai batun wurin da aka yi waɗannan gwaje-gwaje. Dukkan waɗanda aka kawo sunayensu a sama a Turai da Amurka ta Arewa aka yi su, wasu ma an zaɓi mutanen ne don ba sa motsa jiki. Manomi ko lebura da yake wuni yana aikin ƙarfi, ya biya gidan burkutu da yamma, ba rashin motsi ne matsalarsa ba. Idan akwai abin da zai ɗauka daga waɗannan shirye-shirye, to mai yiwuwa shi ne ƙayyadadden lokaci da abokan da ba giya ce ta haɗa su ba. A jihohin arewacin Nijeriya da suka haramta sayar da barasa daga shekarar 2000 kuwa, mai sha yakan ɓoye, kuma zuwa asibitin ƙwaƙwalwa abin kunya ne a wurinsa, alhali ba mai tambayarsa dalili idan aka gan shi a filin ƙwallo.